Ƙaramar Motata da Hanyar Bader Gula

Motar da na fara tuƙawa da sunan tawa a-kori-kura ce mai silinda shida, mai shan esansi, wato fetur, irin waɗanda muke kira kat-kat saboda ƙafafunta huɗu duka suna ja. Ba sabuwa na same ta ba. Fentinta ya koɗe, ƙofar fasinja sai an ɗaga ta kafin ta rufu, allurar da ke nuna yawan mai kuwa ta mutu tun a hannun wanda ya sayar mini. Idan ina son sanin abin da ya rage a tanki, sai in tsoma wani tsinken aduwa da nake ajiyewa bayan kujera. Amma in ka ta da ita da safe, muryarta ƙasa-ƙasa take fita, babu gaggawa a cikinta. Da ita na yi shekaru ina hawa arewa, daga Dakoro zuwa kasuwar Bader Gula, daga can in zarce rijiyoyin da makiyaya ke shayar da dabbobi.

In zan tafi, gero nake ɗauka da dusa da gishirin dabbobi, da sukari da ganyen shayi, mutane kuma su hau saman kaya. In zan dawo, tumaki ne da awaki a ɗaɗɗaure, da cuku, wato busasshen nono, wanda mata ke aikowa a sayar musu a gari. Motar tana shan mai, kowa ya san haka, ni ma na sani. Sai dai a wancan lokaci esansin da ke shigowa daga Najeriya yana ko'ina cikin kwalabe da bido, wato jarka, a bakin hanya, kuma da araha. Sai in cika tanki, in ɗaure bido biyu a baya, in kama hanya. Ban taɓa zama na yi tunanin ko ita ce ta fi wata ci ba.

A hanyar nan na san wani dattijo Bafillace, wanda nake kira Baffa. Rugarsu tana gaba da Bader Gula, kusa da wata tsohuwar rijiya mai zurfi. Dogo ne siriri, ba ya son yawan magana, kuma duk ranar da zai zo kasuwa kujerar gaba tashi ce, ba wanda ke gardama a kai. Shi kuma "mai mota" yake ce mini, bai taɓa kiran sunana ba. Idan na iso rijiyar da rana tsaka, matarsa, wadda kowa ke kira Inna, takan aiko mini da nono a ƙwarya, ni kuma in bar musu ɗan ƙullin goro. Haka muka yi ta yi har na daina ganinsu a matsayin fasinja.

Shekarar da man Najeriya ya yi tsada, komai ya juya a tasha. Masu kwalabe suka ragu, waɗanda suka saura kuma kullum da sabon farashi. Sai na fara lura cewa ina kai kaya in dawo, in gaji lis, amma abin da ke saura a hannuna bai kai na cefane ba. Ban ƙara kuɗin mota yadda ya kamata ba, domin mutanen da nake ɗauka na san halin da suke ciki. Uwar yarana ce ta fara furta abin da ke raina. Wata rana na dawo na zauna a tabarma, ta ajiye mini tuwo ta ce:

"Malam, wai kai kake ci da motar nan, ko ita ke ci da kai?"

Na yi dariya, na jawo kwanon tuwon.

Akwai wani abokin aikina a tasha da ke bin hanyar Maradi da wata ƙaramar a-kori-kura mai silinda huɗu, mai shan gazuwal, wato man dizal. Kullum yana yabon ta. Ya kan buga hannu a kanta ya ce, "Wannan ba sha take ba, lasa take." Rannan ya ce in raka shi Maradi in gani da idona. Muka tafi da buhunan wake, muka dawo da siminti kaɗan da kayan shago, kuma allurarsa, wadda ke aiki, da ƙyar ta sauka daga inda take. Na yi ta kallonta har muka shigo gari. Da tawa ce, da na tsaya na juye bido a hanya.

Kafin in yanke shawara na je gareji wurin makaniken da ke duba mini mota. Yana ƙarƙashin wata mota na gaya masa abin da nake tunani. Ya fito ya goge hannu ya ce:

"A kan kwalta gaskiya ne, ba ta cin komai. A rairayi kuwa ban sani ba, domin ban ga wanda ya gwada ta da irin kayanka ba. Sai ka gwada mu ji."

Na yi musanya. Wani direba ɗan garinmu ya karɓi babbar, ni kuma na samo ƙarama irin ta abokina, ita ma kat-kat, fara, kujerunta ba su yage ba. Ranar da aka zo tafiya da tsohuwar, na cire tsinken aduwar daga bayan kujera, sai kuma na mayar da shi, tunda sabon mai ita zai buƙace shi.

Makonnin farko na yi su ne a kudu, ina koyon halinta. Na je Sabon Maci na ɗauko wake, na je Maradi na dawo. Kowace tafiya sai in dawo gida da fara'a. Motar ba ta da nauyi a hannu, kuma in ka bar ta a giya ta sama ka sassauta ƙafa, tafiya kawai take yi kamar ba ta san akwai tanki ba. Na gaya wa uwar yara cewa mun huta.

Sai ranar hawa arewa ta zo. Tsakiyar bazara ce, rairayi ya yi laushi kamar gari, zafi tun da hantsi. Na loda ta yadda na saba loda babbar, domin hannuna bai san wani lodi ba: gero, dusa, gishiri, mutane a sama. Da muka bar ƙasa mai tauri na tsaya na rage iskar tayoyi, na sa ta a ƙaramar giya mai jan ƙafa huɗu. Nan na ji muryar da ban taɓa ji daga gare ta ba. Injin yana kuka da ƙarfi, baƙin hayaƙi yana bin mu, amma tafiyar ba ta wuce ta jaki mai sauri ba. Inda babbar ke ratsawa a giya ta uku ina hira da na kusa da ni, wannan sai na danne ƙafata har ƙasa a giya ta biyu, hannuna biyu a kan sitiyari.

Akwai wani tudun rairayi kafin a kai rijiyar su Baffa, wanda tsohuwar motata ke hayewa a ja ɗaya. Na ja da baya na taho da gudu, muka kai rabi, ta tsaya tana tona ƙasa. Na koma na sake, ta tsaya a wuri guda. Mutane suka sauka, maza suka saro rassan sabara aka shimfiɗa a gaban tayoyi, aka tura. Ba ta hau ba sai da muka sauke rabin buhunan, muka kai su sama a ka. Wani wari mai kama da ƙonewar tsumma yana fitowa daga ƙarƙashinta. Ba wanda ya yi mini gori. Wata tsohuwa ma cewa ta yi, "Sannu, ɗana, yarinya ce, a bi ta a hankali." Wannan ya fi gorin zafi a wurina.

Da muka isa rijiya, rana ta karkata. Na duba allura, na ga ta sauka inda ban yi zato ba. Motar da ke zuwa Maradi ta dawo ba ka ga alamar ta taɓa komai ba, a tafiyar da ba ta kai wannan nisa ba ta shanye fiye da rabin tanki. Baffa ya zo ya zagaya ta, hannunsa a bayansa riƙe da sanda. Ya leƙa ciki, ya taɓa jikinta ya ji zafi.

"Mai mota, ina babbar?"

"Na bayar, Baffa. Ta fi ƙarfina wajen mai."

"Wannan fa?"

"An ce ba ta ci."

Ya dubi buhunan da ƙura da gumi suka ɓata, ya dube ni, ya ce in zo in sha nono.

Na sake gwada hanyar a wannan bazara, da kaya kaɗan, da kaya da yawa, da sassafe, da yamma. A hankali na gane abin da ban taɓa tunani a kai ba duk shekarun da na yi ina tuƙi. Da ina zaton kowace mota tana da cinta guda ɗaya, kamar yadda buhu ke da awonsa. Ashe ba haka ba ne. Babbar tana ci da yawa a ko'ina, amma cinta ba ya nisa da juna. Ko kwalta ko rairayi, ko da kaya ko fanko, ɗan ƙari ne kawai, domin ƙarfinta ya fi aikin da ake ba ta. Ƙaramar kuwa tsimin nata yana tare da sauƙin hanya. In ka sa ta aikin da ya fi ta, sai ta daɗe tana kuka a wurin da babbar za ta wuce cikin ƙiftawar ido, kuma duk wannan kukan mai ne. Ko a haka ba ta kai babbar ci ba, gaskiya. Amma ratar ta matse ƙwarai, kuma idan na rage kaya don ta samu sauƙi, sai abin da babbar ke kaiwa a sawu ɗaya ya zama sawu biyu. Ban ga inda na ci riba ba, ga motar tana wahala.

Na gaya wa Baffa gaskiya a bakin rijiya, muna zaune a inuwar motar. Na ce hanyar nan ta fi ƙarfin wannan, zan koma kudu. Na ce wanda ya karɓi babbar zai riƙa zuwa, na riga na yi masa kwatancen rugarsu. Ya daɗe yana zane a ƙasa da sandarsa, sannan ya ce Allah ya sa haka ya fi alheri. Inna ta aiko mini da cuku biyu in kai wa uwar yara.

Kudu ta karɓe ni. Gero daga Ajekoriya, wake daga Sabon Maci, kayan 'yan kasuwa daga Maradi. Ina kwana a gida kusan kullum, bayana ya daina ciwo, gida ya samu sauƙi. Amma hanyar kwalta ba ta da mutane irin na can. Fasinja ya hau ya sauka, ba ka san daga ina ya fito ba. Wani lokaci ina tafe a miƙaƙƙiyar hanya, allura ba ta motsi, sai in kama kaina ina tunanin ko rijiyar ta ja baya bana, ko an samu ciyawa. Abin ya kan ba ni mamaki, yadda girman injin mota ya zaɓa mini mutanen da zan riƙa gaisawa da su.

Bayan wani lokaci na haɗu da Baffa a kasuwar dabbobi ta Dakoro. Ya kawo awaki. Muka zauna wurin mai shayi, na tambaye shi hanya. Ya ce babbar tana zuwa, amma sai ta cika maƙil, kuma kuɗin ya ƙaru. Bai faɗi haka da ƙorafi ba. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu.

"Ka san a da shanu gare ni," in ji shi. "Jajaye, masu dogon ƙaho. Shekarar da ciyawa ta ƙi, na rasa da yawa, sauran na sayar na sayi awaki. Awaki ba su da ci, ko ganyen ƙaya ya ishe su. Amma ba su iya doguwar tafiya. Wuraren da nake kai shanu da damina, can arewa inda 'yan'uwana suke, tun daga lokacin ban koma ba. Akwai ƙanena da ya rasu ban gan shi ba." Ya kurɓi shayi. "Ban ce awaki sun cuce ni ba. Su suka riƙe gidan."

Wannan ita ce magana mafi tsawo da na taɓa ji daga bakinsa. Muka sha shayin muka rabu.

Da damina ta tsaya sosai, wata safiya wayata ta yi ƙara ina wanke mota. Wani makiyayi ne da ya hau tudu ya samu layi, ya ba Baffa wayar. Muryarsa tana yankewa, amma na fahimta. Ƙaya ta soki Inna a tafin ƙafa tun kwanaki, ƙafar ta kumbura har gwiwa, zazzaɓi ya kwantar da ita, ba ta iya hawa jaki ko amalanke. Ya ce sun kira mai babbar motar, shi kuma ya ce musu sai ranar kasuwa.

Na bi ta tasha na samu mai babbar motar. Ba mugun mutum ba ne, na san shi tun muna yara. Ya ce mini, "Kai ka fi kowa sanin cikinta. In na tafi fanko don mutum ɗaya, man zuwa da dawowa wa zai ɗauka? Su ba su da shi, ni ba ni da shi." Ban ga laifinsa ba. Da ita ce a hannuna a wannan tsadar, ban san abin da zan ce ba.

Na koma gida na gaya wa uwar yara. Ta ɗauko katifar ɗakin baƙi ta sa a bayan motar, da bargo da ruwa a bido. Ni kuma, da na tuna abin da hanyar ta yi mini da bazara, na cika tanki na ƙara ɗaure bido biyu na gazuwal, na ɗauki shebur.

An kwana ana ruwa, ƙasa ta sha ta daskare. Hanyar da na sani fara fat ta zama kore, ƙarangiya ta fito, tafkuna sun kawo. Motar babu kaya, rairayin ya yi tauri a ƙarƙashinta, sai ta riƙa tafiya da ƙaramar muryarta ta kan kwalta. Ban sa ƙaramar giya ba sai a wurare kaɗan masu taɓo. Da na hango tudun nan, na ja da baya don in samu gudu. Ta haye shi ba tare da ta ɗaga murya ba, har na kusa yin dariya ni kaɗai.

Na tarar da Inna kwance a bukka, ƙafar an naɗe ta da tsumma, idonta ya faɗa. Mata suka kama ta muka kwantar da ita a katifa, wata 'yarta ta hau ta riƙe mata kai, aka kafa zane a sama don rana. Baffa ya shiga gaba. Na dawo a hankali saboda girgiza, ina kaucewa kowane rami, shi kuma duk hanyar yana ta juyawa yana leƙen Inna ta gilashin baya. Mun shiga asibiti kafin la'asar. Da na duba allura a ƙofar asibitin, ko kwata ba ta ci ba. Bidon nan biyu ban kwance su ba.

Likita ya ce an zo a kan lokaci, da an ƙara jinkiri da ƙafar ba za ta tsira ba. Suka tsaga suka wanke, suka riƙe ta wasu kwanaki, sannan aka sallame ta da sharaɗin a riƙa kawo ta wankin ciwo. Saboda haka suka zauna a gidanmu. Inna ba ta jin Hausa sosai, uwar yara ba ta jin Fillanci ko kaɗan, amma ina dawowa in tarar da su a tsakar gida suna tsince wake suna dariya, ban san da wane harshe ba. Baffa kuwa gari ya ishe shi. Da asuba yake fita bayan gari ya tsaya yana kallon garken wasu, ya dawo ya zauna a zaure.

A zauren ne wata rana ya tambaye ni, "Man da ka ƙona, me ya kama?"

Na ce, "Baffa, bai kai abin da za a yi magana a kai ba." Kuma ba kara nake yi masa ba, haka abin yake.

Tun daga wannan shekarar na raba aikina. Da rani da bazara ina kudu, manyan motoci su ke da arewa, su kai gero da dusa. In ruwa ya sauka ƙasa ta yi tauri, nakan hau jefi-jefi da kaya marasa nauyi: mara lafiya da aka sallama, mata masu zuwa suna, maganin dabbobi, saƙon wani. Aikin da babbar ba za ta tashi dominsa ba. Idan sababbin direbobi suka tambaye ni a tasha wacce ta fi tsimin mai, nakan tambaye su ina za su, da me, kuma a wane wata. Wasu suna ganin kauce wa tambayar nake yi.

Ranar da na mayar da su gida, Inna ta ƙi kwanciya a baya. Ta ce ta gaji da kallon sama. Baffa ya bar mata kujerar gaba ya koma baya ya zauna a kan katifa, rawaninsa yana kaɗawa. Ta ɗora ƙafar mai bandeji a kan ƙullin kayanta, tana nuna mini wurare da hannu tana faɗin sunayensu da Fillanci, ina maimaitawa ba daidai ba tana gyara mini. Kusa da wani tafki ta taɓa hannuna ta ce in tsaya. Tafasa ce ta gani ta yi kyau a bakin ruwa. Na kashe mota, ni da 'yarta muka sauka muka tsinko mata cike da zane, ita tana daga ciki tana nuna mana inda ta fi laushi. Da muka isa ruga, awaki sun riga sun dawo daga kiwo, jikokinta suka taho da gudu, ta sauka da sandar Baffa ta taka da kanta har ƙofar bukka.